Barka da Sabuwar Shekara, Pak Bustami

Etek Yusnidar ta tsinci gawar Masril mai hoto a gindin kwazazzabon Sianok ranar Juma'a da la'asar. Ciyawa ta je yankar wa shanunta. Ta yar da laujen, ta haura har titi tana salati.

Ƙarfe huɗu da rabi Sufeto Afrizal ya iso, Saje Dasril na biye da shi. Sai da suka yi rabin awa suna gangarawa ta hanyar manoma.

Masril na kwance a kan duwatsun bakin rafi, cikin farar rigarsa ta Juma'a. Hularsa na naɗe a aljihu. Takalmi ɗaya ne a ƙafarsa.

"Ya yi shirin masallaci, bai je ba," in ji Saje Dasril.

"Ko wani ya tsare shi a hanya."

Suka hau lambun 'yan kallo da ke saman gaɓar. Can ƙarshensa, bayan shingen ƙarfe, akwai wani faffaɗan dutse da masu hoto ke tsayar da baƙi a kai don kwazazzabon ya fito gaba ɗaya a bayansu. A nan ɗaya takalmin yake, a kife. Shekara talatin Masril na aiki a kan dutsen nan, da ruwa da rana. Ranar kuma ƙasa a bushe take. Sufeton bai yarda santsi ne ba.

A bakin ƙofar lambun hayaniya ta tashi. Maza sun fi arba'in, sun zagaye mutum ɗaya. Sihombing ne, mai gadin babura. An riga an fasa masa leɓe.

"Shi ne, Pak, ranka ya daɗe! Kowa na masallaci, shi kaɗai ne a nan!"

"Jiya-jiya suka yi faɗa da marigayin, a gabanmu!"

Sihombing ɗan ƙabilar Batak ne, Kirista, shekararsa tara a garin. Duk Juma'a shi ake bar wa babura da rumfuna a tafi salla, ba a taɓa rasa ko hular kwano ba. Ranar nan babu wanda ya tuna da wannan.

Sufeton ya ratsa taron, ya kama hannunsa.

"Duk wanda ya ƙara taɓa shi, tare za su kwana a wurina."

Ya sa shi a mota. Ya san in bai samo gaskiya da wuri ba, ko kotu ta cinye mutumin nan, ko gari ya cinye shi.

A gefe wani dogon tsoho na tsaye, kyamara rataye a wuyansa. Bai ce uffan ba, bai kuma jefi kowa ba.

"Wane ne wancan?"

"Bustami, wan marigayin," in ji Saje. "Kyamara ɗaya suke rabawa su biyu."

A ofis Sufeton ya ba Sihombing ruwa ya wanke bakinsa.

"Ina kake tsakanin sha biyu da ɗaya?"

"A wurin babura, Pak. Ban motsa ba."

"Mai sayar da tikiti ta neme ka sha biyu da kwata ka taya ta jan ƙofa. Ba ta gan ka ba."

Sihombing ya dubi ƙasa.

"Faɗan jiya fa?"

"Faɗa? Wannan ne faɗa? Biri ne ya yage kujerar babur ɗinsa, ya ce barci nake. Na ce ni gadin babura aka ɗauke ni, in yana son mai gadin birai ya nemi ɗan'uwansu. Kullum haka muke, Pak. Murya ce da mu Batak, ko ina kwana muka ce sai a ɗauka zagi ne. Da yamma tare muka sha kofi."

"To ina ka je?"



"Gida. Matata na da ciwon suga, sha biyu da rabi ake yi mata allura, ni nake yi. Shekara biyu ke nan ina sulalewa in dawo kafin a idar. In masu babura suka ji, aikin ya tafi."

"Wa ya gan ka?"

"Matata."

"Waɗanda ke waje ba za su ji maganar matarka ba. Da za ka fita, ka ga Masril?"

"Na gan shi a kan benci, yana jiran wansa. Kullum haka yake yi. Shi yana gaba, tsohon na bin sa a baya, har masallaci. Ban taɓa ganin ɗaya ya tafi ya bar ɗaya ba."

Sufeton ya rubuta wannan, ya ja layi a ƙarƙashinsa.

Kafin magariba shugaban ofis ya leƙo. Ya ce an fara jifan rufin gidan da Sihombing ke haya, matarsa da 'ya'yansa mata uku sun kulle kansu a ciki. Ya ce Litinin yake son fayil ya tafi gaban mai gabatar da ƙara, kowa ya huta.

Asabar da hantsi aka binne Masril a maƙabartar dangin uwarsu. Bustami ne ya shiga kabarin ya karɓe shi. Bai yi kuka ba.

Tun da matarsa ta rasu ya bar gidan danginta, kamar yadda namiji ke yi a al'adar garin, inda gida na dangin mace ne, ya koma kwana a surau, ƙaramin masallacin unguwa. A nan Sufeton da Saje suka same shi. Tabarma, akwatin ƙarfe, ƙusa ɗaya a bango ta rataye kyamara.

Ya ɗauko buta zai zuba musu shayi. Sufeton ya ga ya ɗora ɗan yatsa a bakin kofin tukuna, sannan ya kawo bakin butar ya taɓa yatsan. Ya miƙa kofin ɗan gefe da inda hannun Sufeton yake.

"Allah ya jiƙansa, Pak Bustami."

"Amin."

"An ce tare kuke zuwa masallaci."

"Jiya ni kaɗai na tafi. Ya ce zai biyo ni."

"Ladan ya ce a sahun ƙarshe ka tsaya, an riga an kabbara."

"Ƙafata ba ta yaro ba ce."

"Kyamarar fa, a hannun wa ta wuni?"

"Juma'a da Asabar da Lahadi tawa ce, sauran ranaku tasa. Tun da ya miƙo mini ita da safe ba ta bar wuyana ba. Da ita na yi salla, a ƙarƙashin riga."

"Ka ɗauki hoto jiya?"

"Baƙi biyu, da safe. Shi ke nan."

"Zan tafi da ita."

"Tafi da ita. Ba abin da za ta gaya maka. Tambayi sajenka, ai ɗan unguwa ne."

Saje Dasril ya ɗan sosa ƙeya.

"Gaskiya ne, Kwamanda. Shekara huɗu ke nan ba ta riƙe kwanan wata. Da an cire batir an sa wani, sai ta koma ɗaya ga Janairu, dubu biyu da goma. A rana sau uku ake canza batir, har Masril ya gaji da saitawa ya bar ta. Shi ya sa 'yan lambu in sun hango Pak Bustami suke cewa barka da sabuwar shekara."

"Marasa kunya," in ji tsohon. "Kafin iyayensu su yi wayo nake ɗaukar hoto. Gwamna biyu sun tsaya a gabana, na ce su gyara kwala, suka gyara. Kyamarar ce ta tsufa. Shi ya sa hotunan ke fitowa dishi-dishi, baƙi na ƙorafi. Laifinta ne."

"Sihombing fa? Kana ganin zai aikata?"

"Ban gani ba. Mutane sun faɗi abin da suka faɗa."

Ya ciro kyamarar daga ƙusa ba tare da ya lalube ta ba. Wannan ƙusar ya san ta.

A ofis suka kwashe hotunan zuwa kwamfuta. Ɗari uku da wani abu. Kowanne da lambobi ruwan lemo a kusurwar dama, irin waɗanda baƙi ke so a jikin hoto. Duk ɗaya ga Janairu. Rabinsu tas suke. Rabin kuwa a karkace, wani an yanke kai, wani an yanke amarya an bar ango da bishiya.

Uku na ƙarshe ne suka bambanta. Wasu mata biyu, sha shida ga Mayu, tara da minti goma sha biyu. Wani mutum da iyalinsa, sha shida ga Mayu, goma da minti biyar.

Na ƙarshen Masril ne a kan dutse, cikin farar riga, takalma biyu a ƙafa, yana murmushi. Hoton a karkace, an yanke kan daga goshi. Sha shida ga Mayu, sha biyu da minti talatin da ɗaya.

"Jiya ke nan," in ji Saje. "Liman na kan mumbari."

"Kai ka ce ba ta riƙe kwanan wata."

"Wallahi ba ta riƙewa, Kwamanda. Lauya zai kawo mutum ashirin su rantse agogonta mahaukaci ne. Ni ma in aka kira ni sai na rantse."

Sufeton ya buɗe murfin ƙasa, ya zare batirin, ya ajiye a kan tebur. Ya kunna taba mai kanumfari, ya shanye ta har ƙarshe. Sannan ya mayar da batirin, ya kunna. Ya kara fuskar kyamarar da agogon bango.

Asabar, sha bakwai ga Mayu, ɗaya da minti ashirin. Daidai.

"To wannan ba kyamarar da na sani ba ce," in ji Saje.

"Ita ce. Wani ya gyara ta, mai ita bai sani ba."

Bayan la'asar suka je gidan Rosmaini, matar marigayin. Mata sun cika falo suna karatu. Ta fito da su baranda ta baya, inda ake shanya barkono.

"Buk Ros, a nan Pak Bustami ke cin abinci?"

"Shekara shida. Safe da yamma."

"Yaya idonsa?"

"Lafiya lau."

"A ina kike ajiye masa kofin ruwa?"

Ta ja bakin mayafinta ta goge hanci.

"A hannunsa nake sa masa."

"Tun yaushe?"

"Bara ya fi tsananta. Yanar ido ce ta rufe su duka biyun, fara fat in ka duba da kyau. Baban yara ya hana a faɗa. Ya ce Uda, wan nasa ke nan, ba shi da mata, ba shi da ɗa, ba shi da gida, kyamarar nan kaɗai ta rage masa. Ranakun Uda ma ba ya hutawa, lambun yake zuwa ya tsaya nesa. In baƙo ya ƙi hoton, sai ya zagaya ya sake ɗaukar sa da waya, ya roƙe shi kada ya yi magana."

"Makon nan kyamarar ta kwana a wani wuri?"

Ta ɗago kai.

"Laraba ya dawo babu ita. Alhamis da yamma ya shigo da ita a naɗe cikin jarida. Ya ce kada in gaya wa Uda, shi zai gaya masa da bakinsa ranar Juma'a."

"Ina ya kai ta?"

"Wurin Koh Liong, a unguwar Sinawa." Ta dube shi. "Pak, me ya haɗa idon Uda da wannan? Ba Batak ɗin nan ba ne?"

Sufeton ya miƙe, ya yi mata addu'a, ya fita.

Lahadi da safe suka sami Koh Liong ya buɗe rabin ƙofa. Shagon bai fi tabarma biyu ba. Matattun kyamarori cike da kwando. Tsohon na zaune da gilashin ƙara girma a ido ɗaya.

Yana ganin abin da ke hannun Sufeton ya cire gilashin.

"Ta Masril. Na ji labari. Mutumin kirki, sai dai surutu."

"Me ka yi mata, Koh?"

Ya jawo wani ɗan faranti. A cikinsa akwai wani ƙarfe zagayayye, bai kai maɓallin riga ba, gefensa ya yi kore.

"Mutane na zaton batir ɗaya ne a ciki. Biyu ne. Babban shi ke ɗaukar hoto. Wannan ƙaramin aikinsa ɗaya tak, ya riƙe agogo in an cire babban. In ya mutu, sai ta manta ranar da take. A liƙe yake da dalma can ciki, sai ka kwance ƙusoshi goma sha ɗaya kafin ka gan shi. Yaran yanzu ba sa yi. Sai su ce maka sayi sabuwa."

"Ka sami sabo?"

"An daina kawowa. Na ciro mai rai daga wata a kwandon can, na liƙa. Na saita agogon da na wayata. Na bar ta ta kwana babu babban batir. Da safe na duba, ko minti ɗaya bai gota ba." Ya buɗe murfin, ya nuna wata 'yar takarda da ya manna a ciki. "Ga hannuna, ga ranar. Duk wadda na taɓa sai na sa."

"Za ka faɗi haka a kotu?"

"Shekara arba'in ina wannan aiki. Ko a gaban wa."

"An ce hotunanta na fitowa dishi-dishi."

"Wa ya ce? Idonta lafiya lau. Masril ya sa na wanke gilashin, na gwada kowane maɓalli. Har jarida ya riƙe daga bakin ƙofar can na ɗauka, ana karanta ƙananan rubutun, sannan na goge hoton. Na ce masa, kai, tsohuwar kyamara ce fa, ba amarya ba. Ya ce, Koh, gyara komai, kada ka bar mata aibi ko ɗaya. Uda a bayanta yake ɓuya. In ta warke, ba shi da wurin ɓuya, sai ya yarda a duba shi."

Sufeton ya ɗauki ɗan mataccen batirin.

"Ara mini wannan."

"Ɗauka. Ba ya komai kuma." Koh Liong ya mayar da gilashinsa ido, bai kama aiki ba. "Pak, ba Batak ɗin ba ne, ko?"

"A'a."

"Da na sani, da na ce masa ba ta gyaruwa."

Ba sai da aka aika aka kira Bustami ba. Bayan azahar ya zo ofis da ƙafarsa, da guga a rigarsa.

"Lahadi ce ranar baƙi. Ka hana ni aiki. Ba ni kayana."

"Zauna tukuna, Pak."

Sufeton ya tura masa hoton da aka wanke, babba. Tsohon ya ɗaga shi har ya kusa taɓa hancinsa, ya karkata shi wajen taga.

"Wane ne?"

"Masril."

"Yaushe aka ɗauka?"

"Tsohon hoto ne. Rigar nan shekara goma yana sa ta."

"Karanta mini lambobin da ke kusurwa."

"Ɗaya, ɗaya, dubu biyu da goma."

Bai yi ko gargada ba. Saje Dasril ya sunkuyar da kai.

"Saje, karanta masa."

"Sha shida ga Mayu. Sha biyu da minti talatin da ɗaya."

"Ƙarya yake."

"Kai ka ce ba ta bar wuyanka ba ranar Juma'a. Ka ce baƙi biyu kaɗai ka ɗauka."

"Agogonta ba shi da hankali. Kowa ya sani."

Sufeton ya kamo hannun tsohon, ya buɗe tafin, ya ɗora masa ɗan batirin.

"Wannan ne ya mutu a cikinta. Laraba ƙaninka ya kai ta wurin Koh Liong aka canza shi. An wanke gilashin, an gwada komai. Tun Alhamis babu abin da ke damun kyamarar nan."

Bustami ya murza ƙarfen tsakanin yatsunsa. Ya daɗe yana murzawa.

"Bai gaya mini ba."

"Juma'a ya so ya gaya maka."

Fanka na juyawa a sama. Sufeton bai ƙara tambaya ba. Ya san irin waɗannan tsofaffin, in ka matsa sai su ƙara daskarewa.

"Ya ce in zo in ɗauke shi kafin mu tafi masallaci," in ji Bustami. Muryarsa ba ta canza ba. "Na ce yau kuma hoton me? Ya ce haka kawai. Na ɗauka. Ya matso ya leƙa. Ya ce, Uda, ka yanke mini kai. Na ce kyamarar ce. Ya ce ba ita ba ce, Uda, idonka ne. Ka daina gani, kowa a lambun nan ya sani, kai kaɗai ake ɓoye wa."

Ya ajiye batirin a kan tebur.

"Yana shekara huɗu uwarmu ta rasu. Ni na goye shi. Ni na koya masa inda ake sa yatsa a jikin kyamara. Shi zai tsaya a kan dutsena ya ce mini makaho."

"Sai me ya faru?"

"Ya riƙe mini hannu, ya ce tsaya in gaya maka wani abu. Ban tsaya ba. Na hankaɗe shi in wuce. Na zaci shingen ne a bayansa. Ban ga inda bakin dutsen yake ba."

Saje ya daina rubutu.

"Ci gaba da rubutunka," in ji Sufeton.

"Na kira sunansa sau uku. Babu amsa. Sai na ji ladan na tada iƙama daga nesa. Na lalubi shinge na bi shi har ƙofa. Na je na yi salla."

"Kana tsaye aka fasa wa Sihombing baki. Kwana biyu yana kulle. Ana jifan 'ya'yansa."

"Na ji."

"Me ya hana ka magana? Tsoron kurkuku?"

Tsohon ya ɗago kai, karo na farko da fushi a fuskarsa.

"Ni? Ban taɓa jin tsoron ɗaki ba. Da na buɗe baki, sai na ce a gaban mutanen nan ban ga bakin dutse ba."

Aka karanta masa abin da ya faɗa. Saje ya kama hannunsa ya kai alƙalamin kan layi. Ya sa hannu.

Sufeton ya je da kansa ya buɗe wa Sihombing. Mutumin ya fito yana riƙe da wandonsa, don an karɓe masa bel. Da ya ji wanda ya yi, bai ɗaga muryar nan tasa ba.

"Pak Bustami? Ni nake tsallakar da shi titi in Masril ba ya nan."

"Saje zai kai ka gida a motarmu. Zai tsaya a ƙofar gidanka ya faɗa wa unguwa da ƙarfi."

"Allurar matata fa, wa ya yi mata?"

"Babbar 'yarka. Jeka."

La'asar ta yi aka fito da Bustami zuwa motar da za ta kai shi gidan tsare. Ankwa a hannunsa, rigarsa ba ta yamutse ba. Rosmaini na tsaye a tsakar ofishin. An aika mata, ta ji komai. Ba ta dubi inda yake ba. Wajen Sufeton ta nufa, ta miƙa masa wani kati.

"Yau na gan shi a cikin Alƙur'anin baban yara. Ban san me zan yi da shi ba."

Sufeton ya karanta. Katin asibitin ido ne na birnin Padang. Sunan Bustami ne a kai, da rubutun Masril a baya: a zo da shi bai ci komai ba. Litinin, ƙarfe takwas na safe.

Ya ƙarasa bakin motar.

"Pak Bustami, wannan ne abin da ya ce ka tsaya ya gaya maka. Ya karɓar maka layin aikin ido. Gobe ne."

Tsohon bai motsa ba.

"Doka ba ta hana ba. Zan sa a kai ka da rakiya, ni zan sa hannu. Rabin awa likita ke yi ya cire yanar. Jibi za ka ga komai."

"Uda," in ji Rosmaini daga inda take. "Wata uku yana zuwa Padang kafin ya sami katin nan."

Bustami ya lalubi ƙofar motar da hannuwansa biyu, ya sami matakin, ya ɗora ƙafa.

"Ba zan je ba."